Bajin Takawa

Bana aka zamanantar da bikin kokowa na Buza. Masu shirya shi suka sayo lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, suka zuba a tablet, suka danƙa wa Illa, domin shi ya yi jami'a a Yamai, har ake ce masa Mushe kamar malamin boko, kuma ba shi da wani aiki. Illa ya bi mutane yana koya musu sababbin kalmomi. Katin da ake rataya wa ɗan kokowa a wuya, mai hoto da wani zane kamar kashin ƙuda, sunansa baj. A ƙofa ake haska shi da waya, shi ne sikane. Wanda ba a haska ba kafin gangar farko, na'ura ta rubuta masa forfe: ya faɗi ke nan, bayansa bai taɓa ƙasa ba.

Lojisiyel ɗin ya kuma yi bajintar da ba a roƙe shi ba. Ya aika wa kowa tsarin wasa ta waya: wa zai kama wa, ta wace ƙofa zai shigo. Bokayen Tama har Madawa ba su taɓa samun aiki a sauƙaƙe haka ba.

Shi ya sa ranar biki Takawa, yayan Illa, ya zauna bayan katangar fili, ya ce ba shi bin ƙofar gabas. Gwiwoyinsa sun fara tsufa. Wanda ya ci yau shi za a kai babbar kokowar Tawa, kuma baɗi ba tasa ba ce.

"Yaya, don Allah tashi," in ji Illa, zufa na ɗiga kan tablet. "Makaɗa sun fara ɗaure ganga."

"Mushe, ka shela wa duniya inda zan taka, sannan ka ce in taka? An yi bizne a ƙofar nan, asiri na cikin ƙasa. Ko akuya ta sani."

"To a sauya maka ƙofa!"

"Sauya mana."

Illa ya danna, ya sake dannawa. Na'ura ta ce sai mai babban izini, shi kuwa yana Yamai, wayarsa a kashe.

"Na haɗa ka da Allah, Yaya. Inna ta sayar da tunkiyarta don layunka."

"Su layun ne suka ce kar in bi. Ni katanga zan haura. Ka gaya wa ƙarfenka na iso."

"Ba ya ganin katanga! Ƙofa kawai ya sani!"

"Ashe makaho kuka sayo."

Daga ciki aka ji makaɗi yana gwada fata. Illa ya dubi yayansa, ya dubi bajin da aka yar cikin rairayi. Ya sure shi, ya rataya, ya ruga.

Mardiya ce ke sikane a ƙofar gabas. Ta dubi hoton ƙato mai wuya kamar turmi, ta dubi Illa da ƙasusuwansa.

"Takawa, ka rame," in ji ta.

"Tunani ne. Haska, Mardiya, don girman iyayenki."

"In aka kira sunan, kai za ka tuɓe?"

"Haska!"

Wayar ta yi ƙara, ta nuna kore. Saura wucewa ta ƙofar. Illa ya daɗe yana faɗa a majalisa cewa bizne camfi ne. Yanzu ya tsaya yana kallon ƙasar ƙofar, inda wani wuri ya fi saura laushi. Ya yi bisimilla, ya daka tsalle, ya sauka daidai kan wurin.

Ganga ta tashi. Takawa ya diro ta katanga, ya kama abokin karonsa, fili ya ɗauki ihu. Lojisiyel ya shaida cewa ya shigo ta ƙofar gabas, cikin tsari.

Da aka ɗaga hannunsa a karon ƙarshe, Takawa ya zo yana haki.

"Mushe, ya ƙafar?"

"Lafiya lau. Targaɗe ne kawai."

"Uhm. A Tawa ma akwai ƙofa, ka sani."

Illa ya ɗingisa ya tafi neman mai ɗori.