Wayar da Ta Ratsa Danga

"Mayar da wutar nan, 'yar Gado!"

Mairo na tsaye a ɗakin babanta da kan wayar wuta a hannu. Ta ji shi sarai. Baba Arzika kafinta ne ke ihu ta bayan danga, maƙwabcinsu tun kafin a haife ta. Gidansa ba kahraba, wato wutar lantarki. Daga ɗakin nan doguwar waya ta fita ta taga, ta bi tsakar gida, ta ratsa danga zuwa rumfar aikinsa. Babanta Malam Gado ne ya ba shi wutar tun ana zaman daɗi, lokacin fitila kawai yake kunnawa. Sai bara ya dawo daga Hartum da makanar sanfara, injin hannu mai goge katako ya yi sumul.

Tun daga nan garin katako ya tare a gidansu. Yana kan murfin randa, yana cikin kisra, gurasar da suke ci, yana cikin ƙirjin Malam Gado, wanda ke kwance yanzu yana jan numfashi kamar mai hawan dutse.

Mairo ta leƙa ta taga. "Ba zan mayar ba. Babana tun safe bai shaƙi iska mai daɗi ba."

"Babanki tun ina da haƙora yake tari! Taba ce ta cinye shi, ba makanata ba."

"Na ce ka mai da rumfar bakin titi, ka ƙi. Na ce ka sa wa abin jakarsa, ka ce ta yage. Kai kanka ko tsumma ba ka ɗaurawa a hanci."

"Ke za ki koya min aiki? Ya bit, ke yarinya, gidan miji ma ya gagare ki, shi ne za ki iya da katako?"

Maganar ta shige ta. Ta ja tagar ta rufe.

"Mairo," in ji Malam Gado daga gado. "Mayar masa."

"Baba, ka ji fa abin da ya ce."

"Na ji. Ni na ba shi, ba ke ba. Mayar."

Tari ya turnuƙe shi. Ta ajiye wayar, ta tallafe shi, ta ba shi ruwa, ta shafa bayansa har ya lafa. An ɗan jima. Bayan danga ya yi tsit. Da tsohon ya sake nuna bango da haɓa, sai ta ɗauki kan wayar ta soka da ƙarfi, cikin haushi. Ba ta buɗe taga ba. Ba ta ce masa ga wuta nan ba.

Makanar ta yi gurnani. Sai ihu.

Ko mayafi ba ta yafa da kyau ba ta zaga ta ƙofar gida. Baba Arzika na ƙasa kusa da kujerarsa. Ashe da ya ga ba wuta, sai ya kifa makanar a cinya yana ciro tsohuwar takardar yashin. Da makanar ta tashi, ta fizgi jallabiyarsa, ta suɓuce, ta bi ƙwaurinsa har kan ƙafa tana ci. Matarsa, Inna Ummuhani, ita ta fizge wayar. Jini ya haɗu da garin katako ya yi caɓi. Gefe ga angareb ɗin da yake aiki a kai, gadon katako da ba a riga an saƙa masa igiya ba.

Maƙwabta suka cika rumfar. "Yaya aka yi, Usta Arzika?"

Ya ɗaga kai ya dubi Mairo, ya daɗe yana dubanta.

"Wuta ce ta dawo," ya ce.

Ciwon bai yi kama da abin kisa ba. Amma Baba Arzika na da sukari, kuma yana da taurin kai. Ya ce a barbaɗa masa bagaruwa a ɗaure. Ƙafar ta kumbura, ta soma wari, yatsun suka yi baƙi. Da aka kai shi mustashfa, wato asibiti, likita ya ce sai an yanke. Ya ce da ƙafarsa ya zo duniya, da ita zai koma. Aka dawo da shi gida a bayan karo, keken jaki.

Mairo ta dama kunu ta kai. Inna Ummuhani ta tare ta a zaure.

"Wa ya aiko ki?"

"Inna, na ce ko zai iya sha."

"Mun gode. Kunnena ba ya ciwo, Mairo. Ina wanki a bayan ɗaki ran nan, duk na ji. Shi ya ce wuta ce, to wuta ce. Ɗauki kwanonki."

Ta ɗauka. Yanzu gidansu fes, murfin randa ba ƙura, tarin Malam Gado ma ya yi sauƙi. Duk sanda ta ji ya yi barci ba kakari sai ta tuna ƙafar Baba Arzika. Ba tsoron bakin unguwa take yi ba. Abin da ya hana ta sakat shi ne kada mutumin nan ya tafi da hakkinsa a wuyanta.

"Je ki nemi gafararsa," in ji babanta. "Tun yana da baki."

"Sun kore ni."

"Koma. Ni da na iya tashi da na je. Ai ni ma na sa ki mayar da wutar."

Ta koma bayan la'asar, ranar da ɗansa Husaini ya iso daga garin Hawata. Husaini na zaune a ƙofar ɗaki, bai amsa sallamarta ba. Daga ciki muryar ta fito, ta dushe amma ba ta yi laushi ba.

"'Yar Gado ce? Ku bar ta. Ku ba mu wuri."

Ɗakin na warin turaren wuta da wani abu da turaren ya kasa rufewa. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu. Ta durƙusa nesa da gadon.

"Baba, ya jiki?"

"Kin gan shi. Kin zo duba aikinki ne?"

"Na zo ka yafe min."

"A'a? Ashe kin iya magana a hankali." Ya yi wata dariya da ta ƙare da nishi. "Ya ƙirjin Gado? Ya warke ko? Mabruk, barka."

Ta sunkuyar da kai. Hawaye na ɗiga a tabarma.

"Bar kukan nan, ba ya min komai. Kalma ɗaya, ya bit. Ki buɗe taga ki ce, ga wuta. Ko zagina ne ki yi, da na ji na ajiye ta."

"Haka ne."

"Haka ne mana." Ya kalli rufin ɗaki. "Kin taɓa ganin makanar kusa?"

"A'a."

"Makunninta sai an danne da yatsa take aiki. Ka saki, ta tsaya. Yatsana ya gaji da danna, sai na samu robar taya na ɗaure shi. Kullum a kunne take. In zan canza takarda sai in zare waya ta wajena. Ran nan haushinki ya sa ban zare ba. Na ce ai yarinyar nan ba za ta mayar ba sai magariba."

Mairo ta ɗago.

"Kar ki yi murna. Ni na ɗaure, ke kika soka. Rabi nawa, rabi naki. Nawa na san yadda zan yi da shi wurin Ubangiji."

"To ka yafe min nawa rabin, Baba. Don Allah."

Ya juya fuskarsa bango. Ta jira. Ƙuda na yawo a kan zanen da aka rufe ƙafar.

"Shekara guda kina min tsawa ta danga kamar ɗan cikinki," ya ce. "Ke ma ki ɗan jira. Dawo gobe."

Washegari tana hura wuta da hantsi, tana shirin zuwa, ta ji kukan Inna Ummuhani ya tashi. Ta zauna a ƙasa da mafici a hannu. Wutar ta mutu ba ta sani ba.

Kafin azahar aka fito da shi. Husaini ya ce a kan angareb ɗin ƙarshe da ubansa ya yi za a ɗauke shi, sai maza suka saƙa masa igiya cikin sauri. Ta kafar danga Mairo ta ga ya wuce a kafaɗun mutane, gefe ɗaya na katakon na sheƙi, ɗayan da kaushinsa.

Da aka share makoki, Inna Ummuhani ta yi magana ta bayan danga, ba sallama.

"Zo ki kwashe wayarku."

"Inna, kafin ya cika... bai ce komai ba? A kaina?"

"Ruwa ya nema."

Rumfar na nan yadda aka bar ta. An zuba yashi a inda jinin ya zuba. Mairo ta naɗe wayar a gwiwar hannu, tana jan ta ta cikin danga, har ta iso ƙarshenta. Makanar na ƙarƙashin benci, tsohuwar takardar na reto a jikinta, da guntun jallabiya a matse a ciki. Ga baƙar robar nan a nannaɗe a mariƙin, an ƙulle ta tam.

Ta tsuguna. Ƙullin ya yi tauri, sai da ta sa haƙori. Robar ta saki, makunnin ya taso da ɗan sauti, ƙas. Ta ajiye makanar a kan benci, ta hure garin katakon da ya manne a yatsunta.