Je Ka Arba'in da Bakwai

Shekara ashirin da shida Baba Ndaliman ya yi yana buga wa ɗalibai takardu a unguwar Bosso, tun zamanin tafireta har zuwan kwamfuta. In ka zauna a bencinsa minti biyar sai ya gaya maka ba a taɓa dawo masa da aiki an ce ya yi kuskure ba. Gaskiya yake faɗa kuwa. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ganin abu a karkace ya ƙyale. Ko kalandar maƙwabci ce, sai ya shiga ya daidaita ta.

Ranar Litinin wata ɗaliba, Kafayatu, ta kawo masa ƙananan takardu sittin a leda, kowace da lambarta a sama. Aikin ƙarshen zango ne, ranar Alhamis da sha biyun rana za a rufe karɓa, wanda bai kai ba sai baɗi.

Ta ce, "Baba, don Allah yadda yake za ka buga, ka ɗinke." Ta fita da gudu, mai keke na ta yi mata hon.

Ya buga yadda yake, ya adana a kwamfuta, ya jefa takardun a kwali. Sannan ya gyara tabarau ya karanta, nan ne fa ya kama haɓa. A lamba ta ɗaya wani masunci ya shiga kogon dutse zai ƙwato gangar kiran ruwa daga hannun Sarkin Kadoji. A lamba ta biyu masuncin ya mutu a tukunyar mayya. A ta uku ga shi da ransa yana cinikin takalmi da kura. Baba ya ƙirga, sau tara bawan Allah nan ya mutu, kuma ba a taɓa yi masa jana'iza ba.

Ya ce, "Allah sarki, karatu ya rikita yarinya."

Tausayi ne ya kama shi, wallahi ba mugunta ba. Kwana biyu ya yi yana yanka yana liƙawa a sabon shafi, har labarin ya miƙe daga shiga kogo zuwa fita. Ya sake wa sassan lambobi daga ɗaya zuwa sittin. Mace-macen nan tara ya tattara su a ƙarshe, ya jera su reras, tunda ko a garin aljanu sai mutum ya gama rayuwa yake mutuwa. Ƙarshen kowane sashe akwai "je ka lamba kaza". Bai gane amfaninsu ba, sai ya bar su yadda suke, don shi ba ya taɓa kalmar marubuci.

Ranar Alhamis da ƙarfe goma da rabi ya miƙa mata littafin yana jiran godiya. Ta buɗe, ta juya shafi, ta sake juyawa, ta ɗago kai.

"Baba, me ya sami lambobina?"

"Sun hau layi, 'yata."

"Ai ba labari ba ne, wasa ne! Littafin da mutum ɗaya yake bugawa shi kaɗai. Kai ne masuncin. Ka karanta sashe, a ba ka zaɓi, ka tsallaka lambar da aka ce. Da gangan na watsa su, don kada mai karatu ya leƙa gaba ya ga abin da zai same shi. Yanzu kowace hanya ta ɓace!"

Baba ya cire tabarau. Ya dubi benci, ɗalibai biyu na jiran aiki sun baza kunne. Ya dubi ƙofa, ga Felicia mai soya doya a shagon kusa ta tsaya da matsami a hannu. Felicia kuwa in ta ji magana da safe, kafin azahar ta isa Tudun Wada.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Kwamfuta ce. Ita take jera lamba da kanta, kin san kayan zamani."

"To ina takarduna na hannu?"

Felicia ta ce, "Waɗanda suke cikin kwali? Ayya, na naɗe doya da su tun Talata."

Kafayatu ta zauna daɓas a kujera. Baba ya san bugun farko yana nan a kwamfuta, ko ɗigo bai taɓa ba. Danna ɗaya zai fito da shi. Amma in ya fito da shi, kowa zai san ba kwamfuta ta yi ɓarnar ba, kuma dattijo ya yi ƙarya. Kunya ta riƙe masa hannu.

Yarinyar ta share fuska, ta ciro fensir da ɗan ludo mai ɗigo-ɗigo daga jaka. "Baba, taimaka mini. Ka buga wasan kana karantawa da ƙarfi, ko zan tuna inda kowace lamba take. Ga ƙarfinka goma na rubuta. In ya ƙare ka mutu."

"Ni? Da furfurata?"

Ya dai karɓa, don ba shi da bakin ƙi. Ya shiga kogo. Littafi ya ce ƙofar hagu tana ƙarnin kifi, ta dama ana jin kiɗa. Ya zaɓi dama, don hagu ba ta alheri ba ce. Aka ce je ka ashirin da biyu. Da ya je sai ya tsinci kansa a bakin rijiya yana yi wa wani kwaɗo godiya.

Felicia ta ce, "Me kwaɗo ya yi maka?"

"Ina na sani!"

Kafayatu na ta rubutu tana gogewa. Aka ci gaba. Kwaɗo ya tura shi wata lamba, ya faɗa hannun jemage mai kai biyu. Doka ta ce ya jefa ɗan ludo, in huɗu ko sama ta fito ya sare shi, in ƙasa ce a rage masa ƙarfi biyu. Ya jefa, biyu. Ya sake, ɗaya. Ɗaliban benci suka taso suka kewaye tebur. Ya sake, uku.

Felicia ta ce, "Saura huɗu, Oga! Hura masa iska!"

Dattijon da ko dara ba ya tsayawa kallo, sai ga shi ya ture hula ƙeya, ya dunƙule hannu yana hurawa. Ya jefa. Shida! Shago ya kaure da ihu. Baba ya buga tebur ya ce, "Ɗan banza, gobe ma ka ƙara tare hanya!"

Daga nan ya haɗu da wata tsohuwa tana roƙon ruwa. In zai ba ta gorarsa, je ka arba'in da bakwai. Ya lashi yatsa ya buɗe da sauri. Sai ya tarar masunci yana wanke ƙafa a gida, an gama komai.

Ya ce, "Kai, ba haka ba ne! Arba'in da bakwai ai nan ne tsohuwa take rikiɗa ta ba shi haƙorin kada. Ni da na ɗauke shi da hannuna na mai da shi sha takwas..."

Kowa ya juyo ya dube shi. Ana jin man Felicia yana ƙauri a waje.

Felicia ta karkata kai ta ce, "Oga, kai ko kwamfuta?"

Yana iya cewa bakinsa ne ya suɓuce. Har ya shirya maganar. Sai ya dubi Kafayatu. Ba ta yi masa tsawa ba, ba ta ma kalle shi ba. Agogon bango take kallo, sha ɗaya da minti ashirin, hawaye na ɗiga a kan takardar da ta cike lambobi bakwai kacal cikin sittin.

Ta ce a hankali, "Wata huɗu na yi ina ɗinka hanyoyin nan, Baba."

Tausayinta da haushin kansa suka taru suka kama shi. Ya miƙe, ya gyara hula, ya juya fuskar kwamfuta yadda kowa zai gani.

Ya ce, "Ni ne. Ni na ɓata shi, kuma na yi miki ƙarya. Naki na nan yadda kika kawo, tun ɗazu na sani."

Ya danna. Ga lamba ta biyu, masunci a tukunyar mayya. Kafayatu ta dafe ƙirji, ta rasa kuka za ta yi ko dariya. Firinta ta fara tofo shafuka, ɗaliban nan biyu suna tarawa, ɗaya ya leƙa titi yana tsayar da keke.

Baba ya juya zai roƙi Felicia ta rufa masa asiri, ya tarar ba ta bakin ƙofa. Muryarta yake jiyowa daga shago na uku, ana ta shewa. Ya ɗinke littafin, ya miƙa, ya koma kujera ya zauna.

"Shi ke nan, 'yata. Shekara ashirin da shida, yau na mutu a layin nan."

Kafayatu ta riga ta kai ƙofa. Ta dawo, ta ɗauki 'yar takardar wasan ta duba, ta ajiye masa ita da ɗan ludon a gabansa.

Ta ce, "Ba ka mutu ba, Baba. Ƙarfinka saura huɗu."