Ranar da Faɗuwar Gwaggo Asibi ta Iso Ofis

Ni da Gabriel muka ƙera manhajar da matan Randagi ke koyon karatu da ita a waya, kuma mun daɗe muna musu a kan abu ɗaya: da wane tsari wayar za ta riƙa kai rahoto ga kwamfutar ƙungiyar da ke ba da satifiket. Gabriel ya kafe a kan SCORM, wai tsohon hannu ne, kowace kwamfuta ta san shi. Ni kuwa xAPI nake so, don da shi waya za ta iya riƙe rahoton har a samu sabis. Da na gaji, na bar masa.

Gwaggona Asibi mai ƙosai ce ta ji a jikinta. Ta kwashe damina tana karatu a ƙauyen da sai an hau dutse ake samun sabis, amma da aka duba kwamfutar ƙungiya, aka ce ba ta taɓa buɗe darasi ba. Babu satifiket. Ta aiko cewa ta bar karatu, in zo in ɗauki wayata.

Gabriel ya jawo kujera muka sauya tsari zuwa xAPI. Na je na yi ta lallashin Gwaggo har ta yarda ta sake daga farko, amma sau ɗaya tak.

Ranar da ta gama, ta ƙi ba kowa wayar. Ta ɗare bayan babur ɗin Jumare ɗan acaɓa, ta nufo ofishinmu, ta ɗaga wayar sama tana farautar sabis a hanya. Mu muna ofis a Birnin Gwari, mun zuba wa kwamfuta ido. Can sai layi ya faɗo: "Asibi ta buɗe darasi." Wani ya biyo, wani ya biyo, suna zubowa kamar an kwance bakin buhun masara. Gabriel, wanda ko a coci ba ya motsa kafaɗa, ya rungumi kujera ya hau rawa da ita. Ni ina dariya ina hawaye, har takalmina ɗaya ya ɓace.

Sai na nutsu na karanta da kyau. "Asibi ta gwada, ta faɗi." Ƙasansa ma haka. Ƙasan wancan ma haka, har ƙarshen allo, kafin a kai ga "Asibi ta ci." Ashe tsarin da nake tutiya da shi ba ya rufa wa kowa asiri. Na fara neman yadda zan ɓoye layukan, don na san Gwaggo da jin kai, kuma ta riga ta ce sau ɗaya.

Muna jin ƙarar babur, Gabriel ya tare kwamfutar da bayansa.

"Matsa, ɗan nan," in ji Gwaggo.

Ta ɗora yatsa a kan allon, tana bin layukan a hankali, tana karantawa da bakinta. Babu wanda ya taya ta.

Na ce, "Gwaggo, ana iya ɓoye waɗannan."

Ta juyo ta dube ni. "Ki ɓoye me? Wancan karon cewa aka yi ban yi komai ba. Ku buga mini su duka, a haɗa da satifiket ɗin. Kowace faɗuwa da kike gani a nan, sai da na ƙona kaskon ƙosai a kanta."