Gwaiwar Alhaji Kamilu

Duk wanda ya san kasuwar hatsi ta Tsafe ya san Alhaji Kamilu, ba don kirki ba, sai don murya. Mutum ne mai tumbi da yawan turare, in zai sayi buhun masara guda sai rumfunan makwabta sun ji. Matarsa Zuwaira kuwa abu ɗaya aka san ta da shi: tun da aka kawo ta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A gidan suna, da ta ba da baya, sunanta juya.

Uwar Alhajin, Inna Tambaya, daga Bungudu take yo dakon magani a jarka. Babu abin da Zuwaira ba ta sha ba: rubutu, sassaƙe, da wani baƙin jiƙo da ake haɗawa a wata ruga bayan Wanke, wanda ke sa ta yini tana kelaya amai. Alhaji yakan tsaya a kanta da fuskar wanda aka zalunta ya yafe, ya ce ta daure ta shanye. Har yabonsa ake yi a gari, wai bai sake ta ba, bai kuma ƙara aure ba.

Ba hawayenta ne suka motsa shi ba. Wata ranar kasuwa ce wani dillali ya ga 'ya'yan ƙaninsa Mahadi suna tsalle a kan buhuna, ya ce a ƙyale su, ai magadan Alhaji ne. Aka yi dariya, ban da Alhaji. Ba a jima ba ya ce wa Zuwaira gwaiwa ta kama shi, za a yi masa aiki a wani asibitin kuɗi a Tudun Wada, Gusau, inda wani likita ke zuwa daga nesa. Ita dai matarsa ce, ba ta taɓa ganin kumburi ba, amma ta naɗe tabarma ta ɗauki filas ta bi shi jinya.

Da aka fito da shi, allurar barci ba ta sake shi ba, likitan ya kira ta gefe yana fara'a.

"Hajiya, aiki ya yi kyau. Jijiyar maniyyin da ya sa aka yanke masa tun yana tuƙin tirela zuwa Legas, mun sake haɗa ta. Sai dai an daɗe, ba zan yi muku alkawarin haihuwa ba."

Ta tambaye shi a hankali ko da wannan yankan mutum zai iya ba mace ciki. Fara'ar likitan ta ɗauke, don sai lokacin ya gane ba ta sani ba. Ya ce a'a.

Tuƙin tirela kuwa Alhaji ya bar shi tun kafin ya aure ta. Zuwaira ta koma ɗaki ta tsaya a kansa. Ga shi nan shame-shame, baki buɗe, yawu na bin gemu. Ta yi zaton za ta yi kuka, sai ta ji ba komai a ranta sai raini. Ashe haƙurin da ake yabo tsoro ne: mata biyu ba haihuwa, ai shi za a fara kallo.

Da ya farka ya ga idonta, ya hau kame-kame, wai ƙuruciya ce da matan tasha, yana gudun a kawo masa ɗa ƙofar gida. Bai nemi gafararta ba. Abin da ya roƙa kawai shi ne kada Inna ta ji.

Suna komawa Tsafe 'yan dubiya suka cika ɗaki, har da Mahadi. Inna Tambaya ta iso da jarkarta, ta ce tunda ɗanta ya samu lafiya sai ita ma matar gida ta ƙara ƙoƙari. Ta tsiyaya baƙin jiƙon a kofin silba ta miƙa mata a gaban kowa.

Zuwaira ta karɓa da hannu biyu, ta durƙusa bakin gado, ta kai kofin bakin mijinta.

"Daure ka shanye, Alhaji."

Inna ta ce ko ta haukace ne, wannan ai na mata ne.

"Inna, na mai matsala kinka ce. Ko shi sha, ko shi hwaɗa miki aikin da anka yi mai."

Alhaji Kamilu, mai muryar da ke cika kasuwa, ya dubi uwarsa, ya dubi ƙaninsa, ya karɓi kofin. Ya rufe ido ya shanye tas, hannu ɗaya dafe da ɗinki. Inna Tambaya ta daɗe tana kallon ɗanta, sannan ta rufe jarkarta.

Zuwaira ta san abin da ke biyo bayan wannan kofin fiye da kowa. Ta sa ƙafa ta tura masa roba bakin gado, ta ɗauki mayafinta ta fita.