Makullin da Ke Wuyan 'Yar Kaka

Malamar aji biyar ba ta da tsadar alkawari. "Na yi alkawari gobe za mu yi zane." "Na yi alkawari zan duba littafinka." Ba ƙarya take nufi ba, baiwar Allah, kalmar ce kawai ta zame mata kamar sannu. Yaran sun san halinta, in ta faɗa ko kai ba sa ɗagawa.

Ranar Talata ana tsakiyar lissafi, yarinyar da ake kira 'Yar Kaka ta taso ta tsaya jikin teburinta. Shekarunta goma sha ɗaya, marainiya ce, kakarta ke riƙonta. Hannunta na dafe da wani abu a ƙarƙashin wuyan rigarta.

"Malama, zan faɗa miki magana. Amma ki yi alkawari ba za ki gaya wa kowa ba."

"Na yi alkawari," in ji Malama, idonta na kan jan biro.

"A'a, na gaske."

"Na gaske mana. Faɗi."

Yarinyar ta zaro igiya daga wuyanta, makulli na lilo a jiki. Ta yi ƙasa da murya. Wata huɗu ke nan Kaka na mantuwa. Sau biyu tana kunna gas ta tafi ta kwanta. Shi ya sa kullum da safe yarinyar ke kulle ta daga waje, ta sa ashana a jakarta ta taho. Yanzu ta buɗe jakar neman ma'auni, babu ashana. Ta bar ta a kan tebur, kusa da butar shayi.

"Tagoginmu duk ƙarfe ne, Malama. In Kawu ya ji, asibiti zai kai ta ya bar ta can. Ya sha faɗa. Ki fitar da ni kawai, da gudu zan je in dawo."

Biron ya faɗi daga hannun Malama. Tsoro ya kama ta, sai kuma haushin bakinta.

Mai gadi ba ya buɗe wa ɗalibi ƙofa sai da takardar Shugabar makaranta, Shugaba kuwa ba ta sa hannu sai ta ji dalili. A ƙafa tafiyar minti ashirin ce, a motar Shugaba minti biyar. Malama ta yi tunanin ta ce ciwon ciki ne. To, ɗakin magani za a kai yarinyar a kwantar, ashanar kuma tana can inda take.

Ta kama hannunta suka nufi ofis.

"Me za ki ce mata?" in ji 'Yar Kaka a baranda.

Malama ta ƙara sauri.

"Malama, me za ki ce?"

Shugaba na cike wata takarda, tabarau a ƙarshen hanci. "Lafiya?"

Yatsun yarinyar suka matse nata har da zafi. Malama ba ta kalle ta ba. Ta faɗi komai tiryan-tiryan, mantuwar da gas ɗin da ƙofar da ashanar. Kafin ta kai ƙarshe hannun da ke cikin nata ya zame ya fita.

Shugaba ba ta ɓata lokaci ba. Tana tuƙi tana waya da kawun. 'Yar Kaka na baya ta manne da ƙofa, ba ta yi kuka ba. Da ma ta yi kukan, da ya fi wa Malama sauƙi.

Tun daga matakalar bene suka ji warin gas. Makullin ya ƙi shiga a hannun yarinyar, Malama ta karɓa ta buɗe. Gas na huci, babu wuta. Tsohuwar na tsaye a kicin da kwalin ashana, tana ta juya shi, ta rasa ta inda ake buɗewa.

"Kaka, kawo in riƙe miki," in ji yarinyar a hankali, kamar mai karɓar wuƙa a hannun jariri.

Tsohuwar ta miƙa mata. Shugaba ta kashe gas, Malama ta bi tagogi tana buɗewa.

Kawun ya iso cikin kayan aiki, ya yi godiya, ya yi faɗa, ya shiga zuba kayan uwarsa a jaka. Tsohuwar na zaune bakin gado tana bin sa da ido. Can hankalinta ya dawo, irin dawowar da yake yi jefi-jefi. Ta dubi jakar, ta dubi baƙin matan nan biyu, ta gane.

"Ke," ta ce wa jikarta. "Ba mun yi da ke ba mai ji ba? Har kika dafa kaina kika yi min alkawari. Wa ya faɗa musu?"

Malama ta buɗe baki za ta ce ita ce. Yarinyar ta riga ta. Ta durƙusa tana sa wa tsohuwar takalmi, ba ta ko waiwayi inda Malama take ba.

"Ni ce, Kaka," ta ce. "Ni na faɗa."