Hannu a Ƙeya

A wurin wankin motar da nake aiki kowa ya san ni da shiru. Shekara tara ina riƙe da tiyo da soso, ban taɓa ɗaga wa kowa murya ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, na sunkuya a bakin duro ina ɗiban ruwa, sai Dogo, abokin aikina mai yawan tsokana, ya lallaɓo ta bayana ya danna min ƙeya.

"Sha ruwa mana, malam!"

Hancina bai ma taɓa ruwan ba. Ban san lokacin da na juya ba. Bokitin ƙarfe ne a hannuna, na kwaɗa masa a muƙamuƙi har na ji ƙarar ƙashi. Ya faɗi cikin kumfa, na hau ruwan cikinsa ina ta naushi, kumfar ta koma ja. Mutum huɗu suka ɓamɓare ni. Wanda ya shaƙo wuyana na gantsara masa cizo a hannu. An ce ihu nake, "Na tuba, Baffa!" Ni dai ban ji kaina ba.

A kwata aka tsinci haƙoran Dogo biyu. Aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya.

Kwana uku na kasa cin abinci, sannan na je asibiti ba shi haƙuri. Matarsa ta tare ni a ƙofar ɗaki.

"Na so in haɗa ka da 'yan sanda, shi ya hana," in ji ta. "Ya rubuta min a takarda wai ba shi kake duka ba. A saman benen nan akwai likitar da ke sauraron masu irin ciwonka. In ba ka hau ba, kar in sake ganin ƙafarka a nan."

"Ni fa ba mahaukaci ba ne."

"Leƙa ka ga bakin mijina, ka dawo ka maimaita min."

Na leƙa. Na hau benen.

Ɗakin likitar kujeru biyu ne da ƙaramin tebur da fanka mai ƙara. Zama biyu ina ta kame-kame. A na uku na faɗa mata ihun da aka ce na yi, ta ce, "Waye Baffa?"

Ƙanen mahaifina ne. Shi ya ɗauke ni da mahaifina ya rasu. Duk safiyar da na tashi da fitsarin kwance, zai ja ni da kunne har bakin duron tsakar gida, ya danna kaina ciki sai ƙafafuna sun daina shure-shure. Ya ɗago ni ya ce, "Ka tuba?" Kafin in buɗe baki ya mayar. 'Ya'yansa na tsaye suna kallo. Wata rana na suma, da ƙafa ya farfaɗo da ni.

"Laifina ne ai," na ce mata. "Da ban yi fitsarin ba..."

"Shekararka nawa a lokacin?"

"Bakwai."

"Da yaron maƙwabcinka aka yi wa haka a gabanka, laifin wa za ka ce?"

Na shuri teburin ya daki bango, kofin ruwa ya tarwatse. Ina tsaye ina huci, hannuna a dunƙule. Ba ta gudu ba, ba ta kira kowa ba.

"Dubi ɗakin nan," ta ce. "Faɗa min abu biyar da kake gani."

Na ce fanka. Na ce labule. A na huɗu kuka ya ƙwace min.

Wata biyar ke nan ina zuwa duk Talata. Ban warke ba. Har yanzu in na ji tafiya a bayana zuciyata bugawa take kamar za ta fasa ƙirji. Amma yanzu na san abin da ke faruwa, nakan ajiye abin da ke hannuna in matsa gefe in ja numfashi. Maigidan wurin ya mayar da ni gyaran cikin mota. Dogo ya koma aiki, yana gaishe ni daga nesa, kuma ban ga laifinsa ba.

Makon jiya likitar ta ce in gaya wa mutum ɗaya a gida. Na sami matata tana ninke kayan yara, na ba ta labarin daga farko. Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, ba ta taɓa ji ba. Ta daɗe riƙe da wata 'yar riga ba ta ninke ba.

"Ashe shi ya sa kake zabura in na taɓa maka wuya," ta ce. "Ni kuwa duk a zatona hannuna ne ya yi kaushi. Ka san yawan man da na ƙarar?"

Na yi dariya, ita ma ta yi, hawaye na zubo mata. Ta ture kayan gefe ta ce in zauna, akwai sauran tambayoyi.