Ganyen Attarugu Ya Kanannaɗe

Ranar da na ga ganyen attaruguna ya kanannaɗe ya yi rodi-rodi, ko kumallo ban karya ba na kai ƙarar Hambali gaban dagacin Kwandiko. A wurin Hambalin na samo dashen. Fadamar nan kuwa ita kaɗai marigayi maigidana ya bar mini, da ita nake ci.

Dagaci ya aika Gwaram aka zo da malamin gona, cikin waɗanda sabuwar jiharmu ta turo. Muka ɗunguma fadama, jama'a na biye.

"Duba da kyau, Malam," na ce. "Mugun iri mutumin nan ya ba ni."

"Inna Kulu, ki ji tsoron Allah," in ji Hambali. "Mutum bakwai na ba, naki kaɗai ya lalace."

"Rufe mini baki! A gabana aka yanke maka cibi."

Malamin ya tsinki ganye ya ɗaga a rana. Ya ce ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani. Wai kowace shuka tana da masu gadi a jikinta da ke kashe baƙuwar cuta. Ita wannan in ta shiga, masu gadin take fara ɗaurewa, sannan ta yi ta haihuwa. Ba feshin da zai kwance su, sai dai a tuge a ƙone.

"To, wa ya shigo da ita?"

Jan haƙorana malamin ya tsura wa ido.

"Inna, furen taba kike gogawa?"

"Tun ba a haife ka ba. A bayan ɗakina tabar take."

"Ganyenta fa, lafiya lau?"

Ni dai na san ya fi shekara yana rodi-rodi.

Malamin ya ce a yatsu cutar take tafiya, daga taba zuwa dashe.

Sai Hapsatu maƙwabciyata, mai marayu huɗu, ta kutso gaba.

"Inna, ai shekaranjiya ke kika taya ni dasa tumatir."

"Malam, nata fa?" na tambaya.

"Sai nan da sati biyu za a gane."

Na ɗaure zanena, na sunkuya na fara tuge attarugu. Hambali ya miƙo hannu zai taya ni.

"Kul!" na daka masa tsawa. "Kar ka taɓa, ka je ka shafa wa naka."